Ba igwa ce ta ci Golkonda ba

Malam marubuci, sannu da aiki, amma da ka ce igwogin Aurangzeb, sarkin daular Mugal ta Indiya, ne suka rusa ganuwar birnin Golkonda a 1687, ban yarda ba. Wata takwas rundunar Mugal ta yi tana zaune a gindin dutsen da Golkonda ke kai, kusa da birnin Haidarabad, ganuwar ko gezau. Damina ta sauka, ramukan da suka haƙa suka cika da ruwa, ga yunwa ga annoba a sansani. Sun yi gina ta ƙarƙashin ƙasa sun cusa albarushi, ashe mutanen ciki sun gano, sun kwashe wani sun jiƙa saura. Da aka kunna wuta sai ta ci sojojin Mugal ɗin da kansu.

To me ya buɗe garin? Cin amana. Wani hafsan Abul Hasan, sarkin Golkonda, aka saya, ya bar ƙofa a buɗe da dare. Ni wanda ya fi burge ni Abdurrazak Lari ne, shi ma hafsan Abul Hasan, ya ƙi karɓar toshiya, ya yi ta sara har ya faɗi jina-jina. Abul Hasan kuwa a kurkukun Mugal na garin Daulatabad ya ƙare rayuwarsa.