Ƙungiyar da ta haƙura da kofi saboda ranar ibadarta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. 'Yan uwana Musulmi, musamman matasanmu masu son ƙwallon ƙafa, ina so in ba ku labarin wani abu da ya faru a ƙasar Suwizalan a kakar wasa ta 1898 zuwa 1899, domin tun ranar da na san shi bai bar zuciyata ba, kuma duk sa'ad da na ji ladan yana kiran salla alhali ihu yana tashi daga gidan kallo, sai labarin ya dawo mini sabo.

A wancan zamani ƙwallo ba sana'a ba ce a Suwizalan. Masu buga ta yawancinsu ɗalibai ne da samari masu ayyukansu na daban, ba a biyansu albashi, ba a sayen ɗan wasa balle a sayar da shi, iyakar abin da mutum yake nema shi ne daɗin wasan da ɗaukakar sunan ƙungiyarsa. Turawan Ingila ne suka shigo da wasan, musamman 'ya'yansu da ake turowa karatu makarantun da ke yankin tafkin Janiba, shi ya sa ƙungiyoyin farko da dama suke ɗauke da sunayen Ingilishi a ƙasar da mutanenta Jamusanci da Faransanci da Italiyanci suke yi. An kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar a garin Olten a 1895, kuma gasar farko da hukumar ta shirya da kanta ita ce ta wannan kaka da muke magana a kai. An yi wata gasa a shekarar da ta gabace ta, wadda Grasshopper ta birnin Zurik ta lashe, amma waccan ba a hannun hukumar take ba.

An kasa ƙungiyoyin gida uku, gabas da tsakiya da yamma, a kan cewa zakarun shiyyoyin za su haɗu a fitar da gwani na ƙasa. Daga gabas Anglo-American Club ta Zurik ta fito, daga tsakiya kuma Old Boys ta birnin Basel, bayan ta fitar da maƙwabciyarta FC Basel. Daga yamma sai ƙungiyar birnin Lozan mai suna Lausanne Football and Cricket Club, wadda ake lissafawa cikin mafi daɗewar ƙungiyoyin ƙwallo a nahiyar Turai idan aka cire Birtaniya, kuma tana cikin ƙungiyoyin da suka taru suka kafa hukumar.

A watan Maris na 1899 aka sa ranar da Lozan za ta kara da Old Boys, sai ranar ta faɗo Lahadi. 'Yan wasan Lozan, waɗanda Ingilawa ne, suka ce su ba sa wasa ranar Lahadi. Ba a ɗage wasan ba, su kuma ba su janye maganarsu ba, don haka aka ba Old Boys nasara ba tare da an taɓa ƙwallo ba. Old Boys ta wuce wasan ƙarshe, inda Anglo-American Club ta doke ta da ci 7 da nema, ta ɗauki kofin.

Wanda bai san tarbiyyar da waɗannan samari suka taso a cikinta ba zai ɗauka taurin kai ne. A Ingila ta zamanin Sarauniya Biktoriya, Kiristoci da yawa suna riƙe da Lahadi a matsayin ranar coci da hutu, ba a kasuwanci, ba a wasa, kuma wannan riƙo ya yi ƙarfin da sai a 1974 aka fara buga wasan lig na ƙwararru ranar Lahadi a Ingila. To, ga yara suna ƙasar da ba tasu ba, nesa da idon iyaye, a cikin mutanen da ba su ga laifin wasa a wannan rana ba, ga kuma dama a gabansu ta zama zakarun farko na gasar da hukumar ƙasa guda ta shirya, sunan da zai zauna a cikin jerin zakaru muddin ana buga ƙwallo a Suwizalan. Wasa biyu kacal suka rage tsakaninsu da wannan matsayi. Duk uzurin da mutum yake kawo wa kansa idan yana son ya karya ƙa'idarsa suna da shi a hannu: sau ɗaya ne kawai, ba mu muka zaɓi ranar ba, abokan wasa za su ji haushi, wahalar shekara guda za ta tafi a banza. Ba su ɗauki ko ɗaya ba. Ƙungiyar ba ta taɓa cin wannan gasa ba har ta ɓace, ita ma Anglo-American ɗin da ta ɗauki kofin ba ta daɗe ba ta watse, kuma wannan shi ne kofinta na farko da na ƙarshe.

Ba na kawo wannan labari don in ce addininsu namu ne, ko in ce Lahadi tana da wani hukunci a kanmu. Abin da yake damuna shi ne, Allah Maɗaukakin Sarki ya sauƙaƙa mana fiye da yadda waɗannan samari suka ɗora wa kansu, amma sauƙin ma ya gagare mu. Su yini guda cur suka keɓe. Mu kuwa, ko a ranar Juma'a, abin da Allah ya umarta a cikin Suratul Jumu'a shi ne idan aka yi kiran salla mu tafi zuwa ga ambatonsa mu bar ciniki, sannan a ayar da ke biye ya ce idan an idar da salla mu watsu a bayan ƙasa mu nemi falalarsa. Bai hana mu nema ba, bai hana mu motsa jiki ba, bai rufe mana yinin ba. Lokuta ne ƙayyadaddu ya ce nasa ne, kamar yadda ya faɗa a aya ta 103 ta Suratun Nisa'i, cewa salla farilla ce a kan muminai mai lokaci sananne.

Ku dubi kuma ayar ƙarshe ta Suratul Jumu'a da dalilin saukarta. Jabir ɗan Abdullahi, Allah ya ƙara masa yarda, ya ba da labarin cewa wani ayari ya iso Madina alhali Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana tsaye yana huɗuba, sai mutane suka fita zuwa wurin ayarin har ba wanda ya rage sai mutum goma sha biyu. Sai Allah ya saukar da cewa idan suka ga fatauci ko wasa sai su watse zuwa gare shi su bar ka a tsaye, ka ce abin da ke wurin Allah ya fi wasa da fatauci alheri. Waɗancan bayin Allah kayan masarufi suka fita tara, abin da gidajensu suke bukata, amma duk da haka aka yi musu faɗa daga sama. Ina ga wanda abin da ya tsare shi kallon wasan wasu mutane ne a wata nahiya?

Nan ne inda abin yake yi mini ciwo. Samarin Lozan su ne 'yan wasan, guminsu ne, kofinsu ne, kuma shi suka bari. Mu ba mu cikin fili, ba a san da mu ba, idan an ci ba a raba da mu, idan an faɗi ba a tambayarmu. A lokacin sanyi, wasan da ake farawa ƙarfe uku na rana a Ingila ƙarfe huɗu yake kamawa a Kano da Maraɗi, wato daidai lokacin da ake tada sallar La'asar a masallatai da yawa, na biyar da rabi kuma yana faɗowa shida da rabi, a kan Magariba. Sai ka ga samari sun cika benci tun kafin a busa, janareto yana ruri, an saki labule, masallaci yana nan taku kaɗan, an yi kira an yi iƙama an sallame, ba wanda ya motsa. Wani zai ce bari a tafi hutun rabin lokaci, hutun ya zo ya ƙare a gardamar ko bugun fanareti ne ko ba shi ba ne, sai rana ta yi ja. Alhali ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Abdullahi ɗan Umar, cewa wanda sallar La'asar ta kuɓuce masa kamar an raba shi ne da iyalinsa da dukiyarsa. Da a ce wani zai leƙo ta labulen nan ya ce wa ɗayanmu shagonsa ya kama da wuta, ba zai tsaya jiran a busa tashi ba.

Na san wani mai gidan kallo a unguwarmu da ya ajiye butoci da randar ruwa a bakin ƙofarsa, kuma da zarar an yi kiran salla sai ya miƙe ya kashe talabijin ɗin da hannunsa, ko da kuwa ana shirin bugun kusurwa ne. Da farko yara sun yi ta ƙorafi, wasu suka koma wani gidan suna cewa kuɗinsu suka biya. Bai yi musu da kowa ba, sai dai ya ce wanda yake son kuɗinsa ya zo ya karɓa, shi kuma ya naɗe hannun riga ya tsuguna yin alwala. Yau idan ladan ya ɗaga murya, kafin ya kai hannu ga makunni wasu sun riga shi fita neman buta.

Ya ɗan uwana, jadawalin wasannin ƙarshen makon nan yana cikin wayarka, lokutan salla ma suna ciki. Ka jera su tun yanzu ka ga inda suka ci karo, ka yanke wa kanka hukunci kafin ka zauna a kan benci, domin idan ƙwallo ta fara gudu zuciya ba ta jin kira. Iyaye da yayye kuma, idan yaro ya ce zai tafi kallo, a tambaye shi ƙarfe nawa ake farawa, kuma a ina zai yi La'asar. Allah ya sa mu cikin masu tsayar da salla a kan lokacinta, mu da zuriyarmu, amin.