Halittun cikin ruwan zafi da binciken da muke rainawa

Duk wanda aka taɓa zura wa auduga a hanci lokacin annobar korona, aka kai samfurin ɗakin gwaje-gwaje don gwajin PCR, ya ci moriyar wata ƙwayar bakteriya da aka ɗebo daga maɓuɓɓugar ruwan zafi a Amurka a shekarar 1966, ko ya sani ko bai sani ba. Na kawo wannan ne saboda wata magana da ta zama ruwan dare a nan Sakkwato, har a bakin masu ilimi, cewa duk binciken da ba zai haifar da magani ko taki ko kuɗi a bana ba, ɓata lokaci ne da dukiya. Ban yarda da wannan ra'ayi ba, kuma tarihin ƙananan halittun da ke zaune cikin ruwan zafi ya ishe ni hujja.

A tsakiyar shekarun 1960, wani malamin Jami'ar Indiana mai suna Thomas Brock ya fara zuwa gandun Yellowstone, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa yana tururi. A lokacin, masana da yawa sun ɗauka cewa babu abin da zai iya rayuwa a ruwan da zafinsa ya wuce digiri 73. Brock bai je neman magani ba. Abin da ya dame shi kawai shi ne sanin inda iyakar rai take. Yakan ɗaure ƙananan gilasai ya tsoma su cikin ruwan, ya bar su na wasu kwanaki, sannan ya ciro ya duba da madubin ƙara girma, sai ya tarar ƙwayoyin halitta sun lulluɓe su, har a wuraren da ruwan ke tafasa, wanda a can saboda tudun wurin yakan tafasa ne a kusan digiri 92 maimakon 100. Shi da ɗalibinsa Hudson Freeze suka raini ɗaya daga cikin irin waɗannan halittu, wadda suka samo a maɓuɓɓugar Mushroom, suka raɗa mata suna Thermus aquaticus, suka wallafa bayaninta a 1969, suka kuma ajiye irinta a ma'ajiyar da kowane mai bincike zai iya nema a ba shi.

Abin da ya fi burge ni a wannan fanni shi ne yadda zafi ke raba wa kowace halitta mazauninta. Idan mutum ya bi magudanar da ruwan ke fita daga maɓuɓɓuga, zai ga launuka suna sauyawa yayin da ruwan ke hucewa. Kusa da bakin maɓuɓɓugar Octopus, inda zafi ya haura digiri 80, akwai wasu zaruruwa masu launin hoda da ke lilo cikin ruwa, waɗanda ba su dogara da hasken rana ba, sai dai su samu ƙarfi daga iskar haidurojin da sinadaran da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa. Da zarar zafi ya sauko zuwa digiri 73, sai wata shimfiɗar ƙananan halittu mai launin ruwan ɗorawa da kore ta bayyana, domin nan ce iyakar da masu haɗa abinci da hasken rana za su iya kaiwa. Idan aka yanko wannan shimfiɗa aka dubi gefenta, za a ga kaurin koren da ke sama bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, kuma bakteriyar Synechococcus ce ta mamaye shi, a ƙarƙashinsa kuma akwai jan shimfiɗa ta wasu irin su Chloroflexus, masu amfani da ragowar hasken da ya ratso da abin da na sama suka zubar. Da rana shimfiɗar takan cika da iskar oksijin, da dare kuma iskar ta ƙare ƙaf, sai halittun su sauya salon rayuwarsu gaba ɗaya har gari ya waye. Hatta cikin Synechococcus ɗin, an gano cewa wadda ke zaune a wajen digiri 65 daban take da wadda ke zaune a wajen digiri 55, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce 'yan taku ba.

Yadda suke jure wannan zafi ma abin nazari ne. Kowa ya san farin ƙwai yakan daskare idan aka dafa shi, kuma ba ya komawa yadda yake, domin zafi ya warware naɗin furotin ɗin da ke cikinsa. Furotin ɗin waɗannan halittu an naɗe shi tamau, da ƙarin mahaɗai masu riƙe shi, fatar jikin wasunsu kuma da wani irin kitse aka gina ta wanda ba ya narkewa da wuri. Waɗanda suka fi kowa son zafi suna da wani sinadari na musamman da ke murɗe DNA ɗinsu, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, yana taimaka masa ya jure. Da wannan ne wata mai suna Methanopyrus kandleri, wadda ke zaune a maɓuɓɓugan ƙarƙashin teku, ta iya hayayyafa a digiri 122 a gwajin da masana a Japan suka bayyana a 2008.

Daga jikin Thermus aquaticus aka fitar da sinadarin da ke kwafar DNA, wanda ake kira Taq, a 1976. Da Kary Mullis ya ƙirƙiro dabarar PCR a 1983, wato hanyar kwafar DNA sau da yawa har a iya gano shi, babbar matsalar ita ce dole a ɗumama samfurin zuwa kusan digiri 95 sau talatin ko fiye, kuma sinadarin da ake amfani da shi a lokacin yakan lalace a kowane zagaye, sai an ƙara sabo da hannu. Taq kuwa ko a jikinsa. Mullis ya samu kyautar Nobel a 1993, kamfanin Roche kuma ya sayi haƙƙin dabarar a 1991 kan dala miliyan 300. Gandun da aka ɗebo ƙwayar bai samu ko sisin kwabo daga wannan ciniki ba.

A ɓangaren sauye-sauyen halitta, wanda a tsakanin bakteriya abu ne da likitocinmu ke gani kullum idan ƙwayar cuta ta daina jin magani, ruwan zafi ya koyar da abubuwa biyu. A 1977 Carl Woese ya nuna cewa akwai wani babban reshe na halittu, wanda yanzu ake kira arkiya, da ya sha bamban da bakteriya duk da kamannin da suke yi a ido, kuma da yawa daga cikin masu son zafi, kamar Sulfolobus da ke rayuwa a ruwa mai tsananin tsami da zafin digiri 80, 'yan wannan reshe ne. Wasu masana na ganin rai ya fara ne a irin waɗannan wurare, suna kafa hujja da duwatsun Pilbara na Ostareliya masu shekaru biliyan 3.48, wasu kuma sun fi karkata ga maɓuɓɓugan ƙarƙashin teku, kuma har yau ba a raba gardamar ba. Abu na biyu shi ne ya fi shafar mu. An daɗe ana cewa ƙananan halittu suna ko'ina, iska da ruwa na yawo da su, muhalli ne kawai ke zaɓen wadda za ta zauna. Amma a 2003 Rachel Whitaker da abokan aikinta suka kwatanta Sulfolobus ta Kamchatka a Rasha da ta Aisilan da ta Amurka, suka tarar kowane yanki da nasa zuri'ar, domin nisa ya raba su, kowace ta bi hanyarta.

Idan haka ne, babu dalilin ɗauka cewa abin da ke cikin maɓuɓɓuganmu kwafin na Yellowstone ne. Muna da Wikki a Yankari, mai ɗumin digiri 31 rani da damina, muna da Ikogosi a Ekiti, sai Akiri a Nasarawa da Ruwan Zafi ta Lamurde a Adamawa, waɗanda su biyun zafinsu ya haura digiri 50, ga kuma Tafadek a duwatsun Azbin, arewa da Agadas, inda mutane ke zuwa wanka neman sauƙin ciwon gaɓɓai. Gaskiya ne namu ba su kai na Amurka zafi ba, kuma ba na yi wa kowa alkawarin cewa wani Taq na jiran mu a can. Sai dai digiri 50 ya riga ya shiga iyakar masu son zafi, kuma sinadaran da ke aiki a wannan mataki su ne irin waɗanda masana'antun sabulun wanki da jima da sarrafa sitaci ke buƙata. Ba ma sai an je nesa ba, domin manomin albasa da ya tura hannu cikin tulin takin da ya kwana biyu a jiƙe ya ji zafi ya dake shi, aikin danginsu ne ya taɓa, kuma Brock da kansa ya samu Thermus a tankunan ruwan zafi na gidaje.

Abin da nake so in gani shi ne ɗaliban ilimin ƙananan halittu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da takwarorinsu na Bauchi da Yola su ɗauki ma'aunin zafi da kwalaben ɗibar samfuri su bi waɗannan magudanai taku bayan taku, su rubuta abin da ke zaune a kowane mataki, kafin sabulun masu wanka da simintin masu gyaran wuraren shaƙatawa su sauya ruwan. Kuma duk samfurin da zai fita ƙasar waje don karanta DNA ɗinsa, ya fita da yarjejeniya a rubuce kan rabon amfanin da zai biyo baya, kamar yadda yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanada. Hukumar Yellowstone ba ta sa hannu kan irin wannan takarda ba sai a 1997, da kamfanin Diversa, shekara 31 bayan an ɗebi ruwan Mushroom.