Kafin ka ɗaga waya a garin mutane

Assalamu alaikum ƴan uwana matasa, musamman na nan Tawa da kewaye.

Maganar da zan yi ƙarama ce a ido, amma ta kwana biyu tana cina a rai. Ƙanena ya je Yamai karonsa na farko, ya yi kwana goma a gidan kawunmu, ya dawo. Bayan sallar isha'i muna zaune a tsakar gida, sai Inna ta ce da shi: "To auta, nuna mini kogin nan da ake ta faɗi." Inna ba ta taɓa wuce Ƙonni ba. Yaro ya buɗe waya da murnarsa, hotuna sun fi 200, yana turawa tana kallo. Kowane hoto fuskarsa ce ta cika shi, kogin Isa kuwa ya koma wani siririn farin abu a bayan kunnensa. Ta duba, ta sake dubawa, sannan ta miƙa masa wayarsa ta ce: "Kai na san ka, ni na haife ka. Kogin nake so in gani."

Ba wanda ya yi dariya. Ni dai jikina ya yi sanyi, domin na san ba shi kaɗai ba ne, yawancinmu haka muke yi.

Ku duba abin da yaron nan ya ratsa. Daga Tawa zuwa Yamai tafiyar fiye da kilomita 500 ce: Badagishiri, Tsarnawa, Ƙonni, jajayen duwatsun Dogon Dutsi, Doso da fadar Zarmakoy, sannan Kure inda raƙuman dawa suke. A Yamai ga gadar Kennedy da aka buɗe tun 1970, ga masu kwale-kwale da masu wanki a bakin ruwa. Ga gidan tarihi na Boubou Hama da aka kafa a 1959, inda aka tsayar da ƙasusuwan manyan dabbobin dā da aka tono a yankin Agadas, kuma a nan aka ajiye busasshen icen Tenere, wanda ya yi zamani shi kaɗai a tsakiyar hamada kafin wata babbar mota ta kaɓe shi a 1973. Duk ya gani da idonsa, amma bai kawo wa na gida ko ɗaya ba. Hausawa suka ce gani ya kori ji. Wanda ya yi tafiya da waya a aljihu, shi ne idon waɗanda ya bari a gida, kuma wannan amana ce. Ban ce kada ka ɗauki kanka ba. Ɗauki ɗaya ko biyu don a san ka isa lafiya, sannan ka juya kyamarar, ka ba gari haƙƙinsa.

Na san abin da wasu za su ce: ai wayata ƙarama ce, Itel ce ko tsohuwar Tecno, sai mai iPhone ke hoton kirki. Ban yarda ba. Na ga hotuna marasa kyau da aka ɗauka da wayar jika ɗari biyar, na kuma ga hoton da ya tsayar da ni wanda aka ɗauka da wayar da gilashinta ya tsage. Abin da ya raba su shi ne haske da haƙuri.

Ranarmu ta nan ba ta da sauƙi ga hoto. Daga hantsi zuwa azahar tana tsaye a ka, sai idon mutum ya faɗa cikin inuwa kamar rami, farar riga ta ƙone, sama ta yi fari fat. Lokacin hoto shi ne bayan fitowar rana da kaɗan, da kuma bayan la'asar sakaliya zuwa gab da magariba. A lokacin ne haske ke zuwa ta gefe, ya fito da siffar abu. Ka gwada a masallacin Yama, nan cikin jiharmu ta wajen Illela, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, har ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Da tsakar rana hotonsa zai fito kamar tudun ƙasa kawai. Da sassafe kuwa za ka ga tambarin hannun masu yaɓe a jikin bango, ka ga kowace hasumiya da kamanninta, ba wadda ta yi kama da ƴar uwarta. Baƙi sun sha ketowa daga ƙasashe masu nisa don ganin wannan gini, mu kuma muna wuce mararrabarsa a mota muna barci. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai.

Sauran dabarun ba su da wuya. Goge idon kyamara da gefen riga mai laushi kafin ka ɗauka, domin zufar hannu da ƙurar hunturu su ne ke sa hoto ya yi hazo, mu kuma mu ɗora wa waya laifi. Taɓa fuskar wayar daidai kan abin da kake nufi, ta nan take gane inda za ta tsayar da ido, in hasken ya yi yawa ka ja alamar ranar ƙasa kaɗan. Ka riƙe da hannu biyu, ka manne gwiwar hannu a jiki. Kuma ka daina jawo hoto da yatsu biyu. A yawancin wayoyinmu wannan ba ya kusanto da komai, yanko tsakiyar hoton kawai yake yi ya buɗa shi, shi ya sa yake fashewa. In ana iya matsawa, taka da ƙafarka. In ba a iyawa, kamar raƙuman dawa na Kure, ka ɗauke su daga nesa tare da itatuwan da suke ci, kada ka bi su da gudu don hoto. Dabbobin nan saura 49 kacal suka rage a 1996, da kyar da kulawar mutanen yankin suka sake yawa, bai kamata mu je muna firgita su ba. Ka bi ɗan jagora, kuma ka tambayi halin hanya kafin ka tashi, domin a can ne aka kashe mutum takwas a watan Agusta na 2020.

Yanzu ga inda nake so mu zauna sosai.

Wata Lahadi a kasuwar Tawa na ga wata dattijuwa zaune gaban faifan cukunta, hasken safiya ya sauka a kan mayafinta. Na zaro waya daga nesa na ɗauka, ban yi sallama ba, ban ce komai ba. Ashe ta gan ni. Ta yafito ni da hannu, na zo na durƙusa, ta ce: "Ɗana, da ka tambaye ni da na gyara lulluɓina." Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba. Na ba ta haƙuri, na share hoton a gabanta, kuma har yau in na tuna sai na ji nauyi. Na ɗauki abin da ba nawa ba ne, ga mace sa'ar mahaifiyata.

Mutum ba dutse ba ne, ba gada ba ne. Mai tallan fura a tasha, almajiri da ƙoƙonsa, Bafulatana da ƙwaryar nono, Buzu da rawaninsa a kasuwar dabbobi, kowannensu yana da mutunci da iyali da dalilin da zai sa ya ƙi a gan shi a Facebook. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa saboda gani aka wajabta neman izini. To ina ga ganin da ba ya ƙarewa, wanda za a tura wa mutum dubu cikin dare ɗaya? Maganar hukuncin hoto kansa na bar wa malamai, su ne masu ita. Amma ban san malamin da ya halatta ka saci fuskar matar wani ka watsa ba.

Hanyar kuwa sananniya ce, ita ce dai tarbiyyar da aka ba mu a gida. Yi sallama. Gaisa, ka tambayi kasuwa da gajiya. In da hali ka sayi wani abu, ko na dala ashirin ne. Sannan ka ce: "Baba, ko ka yarda in ɗauki hotonka da aikin nan naka?" In ya ce a'a, ka yi godiya ka wuce ba tare da ɓata fuska ba. In ya yarda, ka nuna masa bayan ka ɗauka, ka kuma faɗa masa in kana da niyyar sa shi a intanet, domin yardar ɗauka daban, yardar watsawa daban. Za ka tarar hoton da aka ɗauka bayan gaisuwa ya fi na sata kyau nesa ba kusa ba, saboda mutum ya saki jiki, idonsa yana kallonka. Yara kuwa sai da izinin babba. Kuma don girman Allah, in kuka tarar da hatsari a hanya, ku sa waya a aljihu ku kama masu rauni. Akwai iyayen da suka fara sanin rasuwar ɗansu ta hoton gawarsa a zauren WhatsApp. Wanda ya tura wannan hoto, me zai ce da su?

A shingen jami'an tsaro, ko kusa da bariki, filin jirgi da manyan gine-ginen hukuma, kada ma ka fito da waya. Halin da ƙasa take ciki kowa ya san shi. Ko a kan gada, in ka ga jandarma ko ɗan sanda ka tambaye shi tukuna. Ku kuma tuna akwai dokar laifuffukan intanet ta 2019, wadda aka mayar wa hukuncin ɗauri a 2024 kan ɓata suna da yaɗa abin da zai tayar da hankalin jama'a. Hoto guda da rubutu biyu a ƙarƙashinsa sun isa su kai mutum gaban alƙali.

Sai ku ƴan uwana masu zuwa bida, ku da kuka san Abijan da Libiya da Aljeriya fiye da yadda kuka san Abalak. Mu mutanen Adar tafiya gadonmu ce, ba abin kunya ba ce, da ita aka gina gidaje da yawa a garin nan. Amma ina roƙonku ku ji tsoron Allah a kan hotunan da kuke turowa. Mutum yana kwana su goma a ɗaki ɗaya, yana dakon siminti daga safe har dare, ran Juma'a sai ya ari riga da tabarau, ya jingina da motar da bai san mai ita ba, ya ɗauka ya turo. Shi a ganinsa kwantar wa iyaye hankali yake yi. Amma ƙaninsa ɗan shekara 15 yana kallo. Yaron nan zai ajiye karatu, ya sayar da tunkiyar uwarsa, ya kama hanyar Agadas yana neman motar da babu ita. Wasu sun dawo hannu wofi, wasu hamada ta riƙe su. In za ka turo, turo gaskiya: wurin aikinka, ɗakin da kake kwana, tukunyar da kuke dafawa, hannunka da ya yi kanta. Babu ƙasƙanci a cikin wannan, neman halal ne, kuma wanda zai biyo ka zai taho da idonsa a buɗe.

Haka nan wannan gyaran fuska da wayoyi ke zuwa da shi, mai goge fata ya ƙara mata fari. Ku shiga saitin kyamara ku kashe shi. Ƴan uwana mata, kalar da Allah ya ba ku ba aibi ba ce da waya za ta gyara. Nan da shekara ashirin ɗiyarki za ta so ganin fuskar uwarta ta gaskiya a bakin tafkin Tabalak, da zanen da kika ɗaura ran nan da yadda iska ta ɗaga gyalenki.

Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai hoton ya rayu. Nawa ne cikinmu suka rasa hotunan shekara biyar a rana ɗaya, waya ta faɗa ruwa ko an zare ta a tasha? Turawa ta WhatsApp ba ajiya ba ce, domin yana matse hoto ya rage masa kyau, sai dai in ka tura shi a matsayin fayil, wato "document". Google yana ba kowane mai asusu giga 15 kyauta, in ka samu intanet mai arha ka ɗora waɗanda ka fi so, ko ka kwafe su a katin memori ka ajiye a akwati. A zafin watan Afrilu kada ka bar waya a gaban mota ko a rana. Kamfanin Apple da kansa ya ce an yi wayoyinsa su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa nan muna haura 40, kuma zafi ne ke kashe batir. Da dare in ka sauka, zauna ka tace na ranar: cikin talatin ka bar biyar, ka rubuta sunan wurin da ranar, tun ba ka manta ba.

Ƙanen nawa zai koma Yamai bayan girbi in Allah ya kai mu. Na ce da shi ya tashi da asuba ya je bakin kogi, ya gaisa da masunta, ya jira har rana ta taɓa ruwa. Na kuma ba shi jika guda, in ya dawo ya kai hoto ɗaya sitidiyo a wanke shi babba a takarda, domin idon Inna ba ya gani sosai a fuskar waya.