Ƙaramin sinadari, babban aiki

Na ga wani rahoto a kan sinadaran da jiki ke buƙata ɗan kaɗan, amma ina ganin an taƙaita bayanin. Ana nufin ma'adanai irin su ƙarfe, aidin, zinki da seleniyam, waɗanda abin da jiki ke nema daga kowannensu bai kai miligiram 100 a rana ba. Jiki ba ya ƙera su, sai dai a same su daga abinci da ruwa.

Aidin ne ya fi damuna. Babban mutum na buƙatar maikirogiram 150 kacal a rana (maikirogiram dubu ne ke yin miligiram ɗaya), amma rashinsa ne ke kawo maƙoƙo. Abin da ya fi wannan muni shi ne, idan mai ciki ta rasa shi, ƙwaƙwalwar jaririn ce ke cutuwa, kuma ba a iya gyara ta daga baya. Shi ya sa ake zuba shi a gishiri. Don Allah a riƙa rufe gishirin, domin zafi da danshi na rage masa aidin.

Ƙarfe kuwa, duk wanda ke jikin mutum bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, amma da shi jini ke ɗaukar iskar oksijin. Shan shayi tare da abinci na rage shigarsa jiki.

Sai dai kada a ɗauka yawan shan ƙwayoyi shi ne lafiya. Seleniyam in ya yi yawa, gashi yake zubarwa. A tambayi likita tukuna.