Ranar da Feda Ta Riƙe Mini Ƙafa

Ƙungiyar koya wa yara tseren keke ta unguwarmu a Kano ba ta biyan kowa ko sisin kwabo, saboda haka ba ta da bakin korar duk wanda ya kawo kansa da sunan taimako, kuma ta wannan ƙofa na shiga. Kocinmu malamin makaranta ne, mai gyaran kekunan tela ne da Allah ya hore wa iya faci da ɗaurin birki, ma'aji kuwa duk dukiyar da ke hannunsa ba ta wuce famfo ɗaya da gwangwanin sholisho ba. Kowace Asabar bayan sallar asuba yara maza da mata sukan taru a gefen Filin Sukuwa, a koya musu ɗaura hular kwano, da ba da alama da hannu kafin a sha kwana, da sauya giya, da tafiya a jere ɗaya bayan ɗaya, domin wanda ya laɓe a bayan ɗan'uwansa iska ba ta dukansa, yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe.

Tun da Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya cinye zango uku a gasar Tour de France ta 2024, ya kuma tafi gida da koriyar rigar da ake ba wanda ya fi tara maki, babu yaron da ke cikinmu da bai ɗauki kansa magajinsa ba. Ni dai ɗana nake rakowa, amma na kasa tsayawa shiru, kullum sai na ba su tarihin Raleigh ɗin mahaifinmu, wanda na fara tuƙawa tun ƙafata ba ta kai feda daga kan sirdi ba, kuma na sha ɗauko buhun gero a kansa daga kasuwa ba tare da na sauke ƙafa ba. Da labarin ya ishi koci, sai ya ce mutum mai irin wannan ƙwarewa bai kamata ya ƙare a bakin titi ba, ya naɗa ni mai tsaron baya, wato babban da ke bin sahun yara don kada a bar kowa a hanya.

Na ce ba ni da keken tsere, ya ce aro ba abin kunya ba ne, tunda Ese Ukpeseraye, wadda ta fara wakiltar Najeriya a tseren keke na Olamfik a birnin Paris a 2024, ita ma keken Jamusawa ta ara ta shiga wasu daga cikin gasannin. Aka kawo mini wani keke marar nauyi, mai siraran tayoyi, sirdinsa kamar bayan wuƙar mahauta, tare da takalmi mai wani ƙarfe a tafinsa da ke maƙalewa a jikin feda. Matsattsen gajeren wandon da aka haɗo da shi kuwa na sa shi a ƙarƙashin wandon shaddata, domin ina da surukai a garin nan. Koci ya ce, "Alhaji, idan za ka tsaya, ka murɗa diddigenka waje kafin keken ya tsaya." Na amsa masa da cewa, "Malam, tun ba a haife ka ba nake hawan keke."

Muna hawa Titin Zariya yaran suka jeru suka miƙe, ni kuma na shiga neman giyar da ta dace da mutuncina. Na danna wani ɗan ƙarfe, sai fedar ta yi tauri har jijiyar wuyana ta fito. Na danna ɗaya, sai ƙafafuna suka kama juyawa da gudu alhali keken yana tafiyar hawainiya. Kafin in sasanta da injin, na tsare bayan sosai har babu wanda nake hangowa a gaba. Wani mai adaidaita sahu ya rage gudu ya jera da ni, ya dube ni da tausayi ya ce, "Baba, ko in ɗauke ku kai da keken?" Ban tanka masa ba, kuma ba don girman kai ba, numfashin ne bai isa a raba shi biyu ba.

A Na'ibawa na cim musu, sun tsaya kusa da 'yan lemo suna jirana, kamar yadda dokar ƙungiya ta tanada cewa ba a barin na baya. Na gyara zama, na saki fuska irin ta wanda ya tsaya duba lafiyar hanya, na matsa birki a hankali, keken ya tsaya cak a gabansu. Na ɗaga ƙafar dama in sauke, ta ƙi. Na ja ta hagu, ita ma ta ƙi. Faɗuwar da ta biyo baya ba ta da gaggawa ko kaɗan, domin na sami lokacin yin salati, na kalli fuskokin yaran ɗaya bayan ɗaya, har na zaɓi inda zan sauka, sai dai keken bai amince da zaɓina ba, ya kai ni kan tulin kankana. Na kwanta a gicciye, ƙafafuna biyu suna nan daram a kan feda, tayar baya tana ta juyawa a sama.

Mai kankana ya ce, "Sannu Alhaji, Allah ya kiyaye gaba," sannan ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Ɗana na cikina ya sunkuya yana binciken sarƙar kekensa, wadda babu abin da ya same ta. Wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba ce ta durƙusa, ta kama diddigena ta murɗa, ƙarfen ya ce ƙas, ta ce, "Baba, waje ake murɗawa." Daga nan suka zagaye ni suka sauke mini duk darasin taimakon gaggawa da aka koya musu, wannan yana duba hulata ko ta tsage, wancan yana tambayata sunana da ranar da muke ciki, wani kuma yana ɗaga yatsu yana cewa in ƙirga. Na biya kuɗin kankanar da ta fashe, yaran suka shanye ta a wurin, ma'aji kuma ya rubuta a littafinsa cewa na ba da gudummawar abin taɓawa.

A hanyar dawowa suka sa ni a tsakiya don kada iska ta dame ni, kuma da muka zo hawan gada sai na ji tafin hannu biyu a gadon bayana suna tura ni, koci yana daga gefe yana yaba musu da cewa haka ake yi wa abokin tafiya da ya gaji. Har yanzu ra'ayina shi ne duk keken da ba ya barin mai shi ya sauka lokacin da ya ga dama, maƙerinsa ke da abin dubawa.

A taron da ya biyo baya, kwamiti ya amince baki ɗaya cewa ƙwarewata ta fi ƙarfin tsaron baya, aka ɗaga ni zuwa muƙamin jami'in ruwan sha, wanda ke bin ayari a cikin mota da jarkoki. Telan ƙungiya ya nemi a mayar da takalmin da wandon, na mayar da takalmin nan take, wandon kuwa sai da uwargida ta sa almakashi.