Wakilci ba miƙa mabuɗi ba ne

A nan Jidda na gaji da jin 'yan kasuwarmu suna cewa in kana so wani ya sa hannu a madadinka ta intanet, dole ka ba shi lambar sirrinka. Ban ga laifinsu ba, haka muka saba: Alhaji zai tafi Kano, sai ya bar wa ƙaninsa hatimin shago.

Amma sa hannun kwamfuta mabuɗi biyu gare shi, na ɓoye da kake sa hannu da shi, da na fili da ake tantancewa da shi. Wanda ka ba na ɓoyen ya zama kai, ranar rigima ba mai bambance hannunka da nasa.

Tun 1996 masana uku a Japan, Mambo da Usuda da Okamoto, suka fayyace hanyoyin wakilci ba tare da haka ba. Mafi sauƙi ita ce takardar izini. Alhaji ya rubuta: "Ƙanina zai sa hannu kan takardun karɓar kaya kaɗai, zuwa ƙarshen Shawwal," ya hatimce da mabuɗinsa. Ƙanin kuma da nasa mabuɗin zai riƙa sa hannu, wanda aka kai wa takardar ya duba izinin Alhaji da sa hannun ƙanin. In ƙanin ya sa hannu kan takardar bashi, ko Shawwal ya wuce, sai a ƙi karɓa.