Ranar da na tashi yin silaim da kanwa

Hutun makarantar nan dai ni ya ƙare a kaina. Tun ranar da yaran nan suka ga wata baturiya a YouTube tana jan wani abu mai yauƙi wai shi silaim ban ƙara shan ruwa da daɗi ba, safe Mama silaim, rana Mama silaim, har cikin barci auta yake ambatonsa. Babbar kuwa har da yi min lacca wai antinsu tace yana buɗe ƙwaƙwalwar yara in suna dama shi da hannu. Nace mu da taɓo da ƙasa aka buɗe tamu, ga mu nan kuma ba abin da ya same mu.

Na dai zauna na kalli bidiyon. Rabin kofi na farin gam, rabin kofi ruwa, ɗan kala, sai ƙaramin cokali ɗaya na wani gari wai boras a narka a kofin ruwan ɗumi ana ɗigawa kaɗan kaɗan ana juyawa. Minti 3 matar ta gama, ko farcenta bai ɓaci ba. Nace haba, ni da nake tuƙa tuwon mutum goma sha.

Gam ba matsala, na aika wajen kafintan bakin layi aka ɗebo min a gwangwanin madara. Boras ɗin ne ya zama aiki, yaron da na aika kemis ya dawo wai mai kemis yace a tambayo na ciwon mene ne. To anan ne fa shaiɗan ya raɗa min dabara, nace ai abin nan yauƙi ake nema, mu kuma me muke sa wa kuɓewa tayi yauƙi in ba kanwa ba? Na jiƙa kanwa ungurnu na tuttula. Kala kuma kore kawai gare ni, ragowar wanda nayi musu kek ranar 1 ga Oktoba.

Na juya na juya, abu yaƙi haɗuwa, kamar kunun da aka tsinka. Ashe shi boras ɗin shi ne yake ɗaure gam ɗin ya dunƙule ya daina kama hannu, kanwa ba ruwanta da wannan aikin, amma lokacin wa ya gaya min. Na ƙara sitacin guga. Na ƙara omo. Na ƙara fulawa saboda zuciya ta riga ta ɗebe ni, daga nan na ajiye cokali na tsoma hannu biyu, kuma wallahi tun daga nan hannun ya daina zama nawa, in na ɓamɓare na dama sai na hagu ya kama, ga waya tana ta ƙara na sunkuya na ɗaga da hanci, ashe ma kamfanin layi ne suke min tallan waƙa, ga NEPA sun ɗauke tun asuba famfo ko ɗigo babu.

Ina cikin wannan hali naji ihu. Auta ya damƙo abin ya shafa wa yayarsa a ka, kitson shukun da aka yi mata jiya jiyan nan, wanda sai da muka yi awa biyu a gidan mai kitso tana kuka ina lallashi.

Na kwashe ragowar a kwanon sha na rufe na tura gefe a kicin, na ja yarinya bayi da buta. Ina can ina fama Abbansu ya dawo, sai jin muryarsa nayi daga kicin cikin murna, "A'a, yau ɗanyar kuɓewa aka yi mana?" Yadda na fito a guje da ɗaurin ƙirji ko ɓarawo ne iyakar gudun kenan. Na same shi da malmalar tuwon jiya a faranti, ludayi a sama, abin yana zarara kore shar. Nace Abban yara ajiye, gam ne! Ya kalle ni ya kalli ludayin, yace dama yaji miyar tana ƙamshin sabon kabad.

Da yamma Hajiya surukata ta leƙo, ta tarar ina tsefe kai da binega, dan shi ne yake narkar da abin, ɗakin duk ya ɗau warin salak. Aka ba ta labari tayi dariya har da hawaye, sannan tace, "Yanzu ke 'yar nan duk wannan wahalar yauƙi kuke nema? Karkashi ya ƙare a kasuwa ne?" Ta sa aka jiƙo mata a roba, yaran suka zauna suna ja yana tsinkewa suna shewa har aka kira magariba, ragowar ta wanke wa yarinyar kai da shi tas.

Kwanon shan har yau yana bayan gida da ludayin a tsaye a ciki. Kafinta kuma ya aiko wai in da sauran gam a mayar masa.